Yaronmu ya sari mutum a tasha: mu tsaya masa ko mu zare hannu?

Wani dattijo daga Agege, a Legas, ya aiko da wannan tambaya: "Kan kwamitin masallacinmu ya rabu biyu. Wani yaronmu ɗan acaba ya sari ɗan agbero, mai karɓar kuɗi a tasha, da wuƙa kan kuɗin tikiti. Mutumin yana asibiti, yaron yana ɓoye. Wasu sun ce talauci da zaluncin da ake wa yaranmu ne suka jawo, mu haɗa kuɗi mu sa shi a mota ya tafi gida. Wasu sun ce shi ya jawo wa kansa, kada wanda ya sa baki. Wanne ne daidai?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Bari in fara da abin da ba zai jira ku gama gardama ba. Kada ku sa yaron nan a mota, kada kuma ku zare hannunku daga kansa. Ku nemi lauya yau ɗin nan, a raka yaron caji ofis da rana tsaka, da dattawa biyu da wakilin Sarkin Hausawa, ya miƙa kansa. A wunin nan kuma wasu daga cikinku su je asibiti su duba wanda aka sara, su gaida iyalinsa, da kuɗin magani a hannu. Kuɗin da kuke shirin tarawa nan ne gurbinsu, asibiti da lauya. A dokar Legas, wanda ya san mutum ya yi laifi kuma ya taimaka masa ya tsere wa hukunci, shi ma ya shiga laifi, ko liman ne ko shugaban ƙungiya. In babu halin ɗaukar lauya, gwamnatin jihar tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa hali kyauta, wanda ake kira OPD, tun shekarar 2000. Muddin wanda aka sara yana raye, ana iya neman beli a kotu, kuma yaron da ya kawo kansa da ƙafarsa ba ɗaya yake a idon alƙali da wanda aka sauko da shi daga tirela a hanyar Ibadan ba.

Ku kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bin fayil ɗin har ƙarshe. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Gidan yarin Ikoyi da aka gina don mutum 800, a 2019 mutum fiye da 3,000 ne a cikinsa. Yaron da ba shi da mai bibiya yana iya shafe shekarun da suka fi hukuncin laifinsa, ya fito da ilimin ta'addanci da bai shiga da shi ba.

Yanzu ga gardamar. Aikina ya daɗe yana kai ni caji ofis da kotunan majistare da zaman sulhu a kasuwanni, kuma wannan rabuwar kan ita nake tararwa kusan ko'ina. Abin da na lura shi ne ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu cewa shi ya jawo wa kansa suna amsa tambayar wa ya yi. Masu maganar talauci da zalunci suna amsa tambayar me ya sa abin yake ta maimaituwa a wurare iri ɗaya, da yara iri ɗaya. Ta farko yaron ne zai tsaya ya amsa ta, shi kaɗai. Ta biyu kuwa gwamnati ce da shugabannin tasha da masu ba da babura, da mu kanmu manyan unguwa. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ɗauki amsar ɗaya aka rufe bakin ɗayar da ita.

Masu maganar talauci ba ƙarya suke yi ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ka bi sawun yaro ɗaya daga cikinsu ka gani. Ya taso daga ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, ko daga Barno da Yobe inda yaƙi ya tarwatsa mutane tun 2009. Sana'ar da ya iya ita ce babur, amma an hana acaba a Maiduguri a 2011, an hana a cikin Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Sai ya hau saman tirelar shanu ko ta albasa, rana da iska su dake shi, ya sauka Oko-Oba ko Mile 12 ko Alaba Rago cikin dare, ba shi da komai sai lambar wayar wani ɗan garinsu. Babur ɗin da zai hau ba nasa ba ne. Ko dai na maigida ne da balas kullum, ko na bashi da ake biya mako-mako a kan farashin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba. Kafin ya ɗauki fasinjan farko ya yanki tikiti. A mahaɗa ta gaba wani ya tare shi da sanda ya ce nasa daban ne, in ya yi gardama a zare makulli. Ba ya jin Yarbanci, burokansa bai wuce na ciniki ba. Yana kwana a kan babur ko a rumfar wani, wanka da bahaya duk sai ya biya. In 'yan kamen babura na gwamnati suka ritsa shi, babur ɗin yana iya ƙarewa cikin waɗanda ake murƙushewa a bainar jama'a, bashin kuwa yana nan a wuyansa. Don ya iya wuni har dare a kan titi sai ya haɗiyi tiramol. Ba shi kaɗai ba ne: binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya.

Amma a cikin duk wannan, abin da na fi ɗora wa alhakin zubar jini ba yunwa ba ce, rashin wurin kai ƙara ne. Idan ɗan agbero ya mari yaron nan ya ƙwace masa kuɗin wuni, wurin wa zai je? Caji ofis, inda shi ne za a fara tambaya takardun babur, ba kuma mai yi masa tafinta? Mutumin da aka zalunta sau ashirin bai ga an hukunta kowa ba, a ransa ya riga ya yanke cewa wuƙar da ke ƙugunsa ce kaɗai za ta ƙwato masa haƙƙi. Ka duba yadda manyan rikice-rikicen da suka ci mu a nan suka faro. Na Ketu da Mile 12 a Nuwamban 1999, kan riƙon kasuwa ne da kuɗin da ake karɓa a cikinta, 'yan ƙungiyar Yarbawa ta OPC suka shigo, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta mutum fiye da ɗari sun mutu. Na Idi-Araba a Fabrairun 2002, mako guda bayan fashewar rumbun makaman barikin Ikeja, rahotannin lokacin sun ce daga gardama kan wurin bahaya ya taso, gomman rayuka suka salwanta. Na Agiliti da Mile 12 a Maris na 2016, ɗan acaba ne ya buge wata mata, sai da Gwamna Ambode ya rufe kasuwar kusan mako biyu. Kasuwa, banɗaki, hatsarin babur: abubuwan da alƙali ɗaya mai adalci ko jami'i ɗaya mai gaskiya zai kashe cikin awa guda.

To amma duk da haka, Alhaji, hannun da ya zaro wuƙar hannun yaron ne. Dubban yara sun hau irin wannan tirelar, suna kwana a irin wannan rumfar, ana marinsu a irin wannan mahaɗar, ba su sari kowa ba. Suna haɗiye fushi, su yi sallah, su tura wa iyayensu abin da ya samu. Idan muka ce talauci ne ya yi sara, su muka ci wa mutunci, don mun ce talaka ba shi da hankalin da zai riƙe kansa. Sannan wanda ke kwance a asibiti shi ma ɗan talaka ne. Ɗan agberon da ke tsaye a rana yana da abin da zai kai wa ubangidansa kowace yamma, manyan da ke cin kuɗin ba sa zuwa bakin titi. Yaronku bai taɓa zaluncin ba ko da farce, wani ƙaramin bawan zaluncin ya sara.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa babu mai ɗaukar laifin wani. Akwai kuma hukuncin Sayyidina Umar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, na bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a da suka saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da farko Umar ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya dubi ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake barinsu da ita. Ya tambayi kuɗin raƙumar aka ce dirhami 400, ya sa Haɗib ya biya 800. Malik ya ce ba a kan ninka kuɗin ake aiki a Madina ba, amma abin lura yana nan: Umar bai ce ba a yi sata ba, bai bar mai raƙuma da asara ba, bai kuma kau da kai daga wanda ya haddasa yunwar ba. Sai dai a kula da iyakar wannan misali, don na ji ana jan sa zuwa inda bai kai ba. Yunwa ta zama uzuri ga wanda ya ɗauki abinci don ya rayu. Ba ta zama uzurin zubar da jini ba. Ko diyyar da dangi ke haɗuwa su biya, ta kisan kuskure ce. Ta ganganci a dukiyar mai laifi take. Don haka in kun biya kuɗin asibiti, ku biya don neman sulhu da sauke haƙƙin maƙwabtaka, amma ku rubuta wa yaron a matsayin bashi, ya biya da guminsa in ya fito. Hadisin taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara shi da kansa: ka hana shi zaluncin.

Ga abin da nake so kwamitinku ya tsaya a kansa sosai. A Legas, abin da ke mayar da faɗan mutum biyu ya zama faɗan ƙabila shi ne ɓacewar mai laifi. Da zarar an nemi wanda ya yi sara an rasa, sunansa ya tashi daga wane ɗan wane ya koma "Hausawa". Daga nan mai shayi da ɗan garuwa da mai baro da ɗan gwari da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ne za su biya. Na taɓa shiga wani caji ofis kwana ɗaya bayan wata hatsaniya, na tarar da mutane zaune a ƙasa ba riguna, an jera kayan da aka ce makamai ne a kan tebur. A cikinsu akwai almakashi da 'yar ƙaramar aska. Mai su wani dattijo ne mai yankan farce, an ɗauke shi yana alwalar magariba, hannun rigarsa ma a naɗe ya shiga mota. Wanda ya tayar da fitinar tuni ya wuce Ilori.

Haka ta faru a babban mataki. A Mayun 2022 wasu 'yan acaba suka taru suka kashe wani matashi mai aikin sauti a Lekki suka ƙona shi, a kan gardamar da aka ce ta naira ɗari ce. Daga 1 ga Yuni Gwamna Sanwo-Olu ya haramta acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Daga 1 ga Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Takurawar ta daɗe tana tafe, tun dokar hanya ta 2012 da hanin Fabrairun 2020, amma aikin 'yan tsiraru ne ya ba da hujjar da ta raba dubbai da abincinsu. Mu kuma mun san ɗacin hukuncin taron jama'a a jikinmu. Mafarauta 16 da aka ƙona a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta zuwa Kano, kamanninsu aka hukunta. Kuma bai kamata mu manta ba cewa bayan rikicin Shagamu a Yulin 1999, Yarbawan da ke zaune lafiya a Kano su aka yi wa ramuwar gayya. Cuta ɗaya ce, ko daga wane ɓangare ta fito.

Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya haramta kama wani a madadin wanda ake zargi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanatawa. Wannan haƙƙinmu ne, kuma ya kamata mu ɗaga murya a kansa. Amma da wane baki za mu ce wa DPO ya daina kamen kan mai uwa da wabi, alhali mu ne muka saya wa mai laifin tikitin mota? Fito da mai laifi da sunansa shi ne gyaran tsari na farko da ke hannunmu, ba ya kuma buƙatar kasafin kuɗin gwamnati.

Wuraren da aka samu sauƙin tashin hankali, haɗa biyun nan aka yi. A Manrobiya ta Laberiya, bayan yaƙin basasa, an yi gwaji da samari 999 masu zaman tasha, ɓarayi da masu sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa. Aka ba wasu dala 200, aka sa wasu a zaman horon mako takwas kan riƙe fushi da tunani kafin aiki da tsara gobe, aka haɗa wa wasu duka biyun. Waɗanda aka ba kuɗi kaɗai sun ɗan gyaru, kafin shekara suka koma ruwa. Waɗanda aka haɗa wa horo da jari su ne gyaransu ya ɗore, har da aka waiwaye su bayan shekara goma aka tarar laifuffukansu sun ragu da kusan rabi. A Gilasgo ta Sikotilan ma, inda sara da suka suka yi ƙamari, tun daga 2008 suka bi hanyar tara 'yan daba gaban 'yan sanda da likitoci da iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, a faɗa musu cewa duk wanda ya sake za a hukunta shi, wanda kuma yake son fita ga aiki ga horo. Wa'azi kaɗai ba ya riƙe yaron da zai koma rumfar da ya fito da bashin da ya bari, jari kaɗai kuma ba ya canza mai zafin hannu.

Mu nan da muna da irin namu tsarin. Zamanin fataucin goro da ya kafa zangon Agege, baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma amsa in ya yi ɓarna. Yawan masu shigowa ya fi ƙarfin wannan yanzu, amma ba abin da zai hana kowane masallaci da kowace tashar acaba su riƙe littafi: sunan yaro, garinsu, wanda ya tsaya masa, da mai babur ɗin. A kuma tura su su yi rajistar mazauna jiha ta LASRRA. Mai ba da babur da ke matsa wa yaro balas ɗin da ba zai samu ba sai da ƙwaya, a kira shi gaban kwamiti, shi ma yana da hannu. Masu sayar da tiramol da sauran kayan maye a bayan rumfuna, kada mu yaudari kanmu, da yawansu namu ne, mun san su, wasu ma sahun gaba suke tsayawa. In ba mu iya miƙa su ga NDLEA ba, kukanmu kan lalacewar yara bai kai zuci ba. A kuma kafa doka a tasha: duk wanda aka gani da wuƙa ba mahauci ba, ba mai suya ba, ba zai yi layi ba.

Awa ɗaya ta farko bayan faɗa ita ce komai. A cikinta ake buga waya ana cewa an taɓa namu, a cikinta saƙon murya ke yawo a WhatsApp da adadin gawarwakin da ba wanda ya gani. Ya kamata tun ana zaman lafiya lambar Sarkin Hausawa da ta Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da ta shugaban tasha da ta DPO su kasance a wayar juna, a kuma saba zama ko ba rikici, don ranar da abu ya faru a ga dattawan ɓangarorin biyu tsaye tare a wurin kafin samari su taru. Ƙananan rigingimu na haya da bashi da rumfa kuwa, akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke aiki kyauta tun 1999, ku riƙa kai su can tun ba su yi tsami ba.

Sai abin da ke wuyan hukuma, wanda ba roƙo ba ne. Tikiti ɗaya mai rasit da kowa ya san kuɗinsa. Hukunta ɗan agberon da ya daki mutum kamar yadda za a hukunta ɗan acaban da ya yi sara. Tafinta a ofisoshin 'yan sandan da ke unguwannin da muke da yawa. Banɗaki da fitila a kasuwanni. In za a hana sana'a, a faɗi abin da dubban da ke cinta za su koma yi. Hausawan Agege suna da katin zaɓe, 'yan siyasa sun san hanyar fadar Sarkin Hausawa in kakar zaɓe ta zo, don haka kuna da bakin magana. Amma kada ku je ofishin shugaban ƙaramar hukuma da kukan cewa ana zaluntar yaranmu kawai, za a ba ku lemo a sallame ku. Ku sa yaran su rubuta na wata guda: wace mahaɗa, wace rana, nawa aka karɓa, wa aka daka. Ku nemi 'yan acaba da 'yan keke Yarbawa da Inyamurai da matan kasuwa, don su ma wannan sandar ce ke dukansu, ku sa hannu a takarda ɗaya, ku kai kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da DPO da ɗan majalisar jiha mai wakiltar ku, kowanne ya buga muku hatimin karɓa.